Ka Kawo Walida Ranar Alhamis

Dawaki, Gombe.

Zuwa ga Baban Walida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Rukayya da takwarata Walida. Allah ya sa canjin wurin aikin nan da aka yi maka zuwa Lokoja ya zama alheri, ya tsare ku a hanya, ya tsare ku a can inda ba mu da kowa sai shi. Na fara da addu'a ne don kada fushi ya ci ni in manta da ita, domin a fusace nake wannan rubutu, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna, alhali tsakanin Dawaki da Tumfure keke ɗaya ne. Ka san dalili. Kai ɗan fari ne. Shekara talatin da takwas ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai na dube ka na yi maka doguwar magana ba, haka muka tarar ana yi. In kuwa na kira ka a waya, daga "Inna ina kwana" sai "ina cikin mitin, zan kira ki." To ita takarda ba ta jin nauyin kowa, ba a kuma katse ta. Ka nemi wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe.

Ranar Larabar da na zo taya Rukayya ɗaure kaya, ina zaune a tsakar gida da safe na ga abin da ka yi. Mai keken da ke kai yara makaranta ya tsaya a ƙofa yana ta danna hon. Walida ta sa yunifom, ta goya jaka, ta kai bakin get, sai ta tsaya cak. Shayin da ta sha ta amayar a kan takalminta. Ta riƙe ƙarfen get da hannu biyu tana cewa, "Abba cikina, Abba don Allah, in na tafi wani abu zai sami Mami." Yarinya 'yar shekara takwas, jikinta na ɓari kamar an tsamo ta daga randa. Kai kuma da digirinka har biyu ka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ka ɗauke ta da mari, ka cusa ta cikin keke a gaban 'ya'yan mutane. Ka juyo kana huci kana cewa, "Shagwaɓa ce kawai, kullum safiya sai ta mayar da ni mahaukaci." Na sunkuyar da kai na ci gaba da tsince shinkafa, abin da na fi ƙwarewa a kai ke nan.

Bayan ka fita Rukayya ta gaya mini wata huɗu ke nan ana wannan fama. An yi gwajin maleriya, an yi na taifot, an ba ta maganin tsutsar ciki, ba a ga komai ba. Ranar Asabar cikin nata lafiya lau, da yammacin Lahadi ya yi sai ya murɗa. Ko shagon bakin layi ba ta yarda uwarta ta je ba tare da ita ba. Washegari na je asibiti na yanko mata kati, aka ba mu Alhamis mai zuwa da ƙarfe tara na safe, kwana biyu kafin tafiyarku. Na aiko maka ta bakin matarka. Ga amsar da ka ba ta ta kawo mini: "Ki ce wa Inna ta yi haƙuri. 'Yata ba mahaukaciya ba ce da za a kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ni ma haka na yi ina yaro, aka dake ni na daina."

Aka dake ka ka daina! Wa ya gaya maka ka daina? Ni ce na yi dukan, ni na san abin da ya haifar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yau zan zayyana maka wautar da na tafka a kanka, ko ka ji kunyar maimaita ta a kan 'yar mutane.

Tun kana ɗan shekara biyar, da an yi sallama a zaure sai ka shige bayan randa. Ba ka cin abinci a gidan kowa. Ba ka shiga bayin makaranta, sai ka matse tun safe har a tashi. Goggo, kakarka ta wajen uba, tana ganin haka sai ta riƙa washe baki tana cewa, "Wannan shi ne Bafulatanin asali, ku dubi semteende!" wato kunya. Ni kuwa kaina ya kumbura. 'Ya'yan sauran malamai suna hawa katanga suna fasa gilashin aji, nawa yana zaune a lungu kamar an ajiye shi. Ban dubi farcenka da ka cinye har jini ba. Wuyan rigarka da kake taunawa har ya huje, faɗan ɓarna na yi maka a kai. Ni da nake koyar da 'ya'yan wasu, na iya gane yaron da bai karya ba tun daga bakin ƙofar aji, nawa na cikin gida ban gan shi ba. Don haka ka ji da kyau: kunya ba ta sa amai. Kunya ba ta sa yaro gumi da sanyin safiya. Yaro mai kunya yana sunkuyar da kai gaban baƙo, da baƙon ya juya ya koma wasansa. Wanda tsoro ya hana shi ci, ya hana shi wasa, ya hana shi karatu, wata da watanni, wannan ba hali ba ne, ciwo ne, kuma yabonsa da zaginsa duk ɗaya ne tunda babu mai warkar da shi a ciki.

Kana aji huɗu hedimasta ya zaɓe ka ka karanta labarun mako a gaban asambuli, saboda duk makarantar babu mai karatunka. Kwana uku kana aiko ƙanwarka ta roƙe ni in sa a canza ka, tunda kai ba ka da fuskar yi mini magana. Na ce ko ɗan wane ne kai sai ka yi. Ranar ta zo, ka hau kan dandamali, takarda a hannunka, bakinka na motsi babu abin da ke fita. Can sai fitsari ya biyo ƙafarka. Yara suka sheƙe da dariya. Na karɓi bulala daga hannun malamin horo, na yi maka shida a gaban makaranta duka. Na gaya wa kaina wai don kada a ce Malama tana fifita ɗanta ne. Ƙarya nake yi. Kunyata nake duka, kai ne dai kawai a kusa. To kai ma ka tambayi kanka, ranar Laraba Walida ka mara, ko idon mai keke da na maƙwabtan da suka leƙo? In za ka ce mini icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na riga ka sanin karin maganar, da ita na kare kaina shekara da shekaru. Ana tanƙwara yaron da ya ƙi ne. Wanda ya kasa, taimakonsa ake yi.

Daga ranar nan ka ƙi makaranta ƙememe. Kullum safiya ciki, kullum safiya "numfashina ba ya kaiwa." Goggo ta yanke hukunci cewa iska ne ya shafe ka a gindin tsamiyar makaranta. Muka ɗauke ka zuwa wurin wani mai magani can bayan Arawa, ya ba mu ƙulli uku na hayaƙi. Ka duba hankali irin namu: yaron da kukansa shi ne ba ya iya numfashi, shi muka lulluɓe da bargo muka tura masa kasko yana tiriri. Safiya bakwai. Ni ce mai danne bakin bargon don kada hayaƙi ya fita. Kana tari kana shure-shure, Goggo na cewa, "Ku riƙe shi, mutanen ne ke fita." Ran na bakwai ka ɗago da jajayen idanu ka ce, "Na warke." Muka yi ta hamdala, har waina aka yi sadaka. Ba warkewa ka yi ba, ka dai gane cewa a gidan nan duk wanda ya ce yana jin tsoro, bulala ko bargo ke jiransa. Mu muka koya maka ƙaryar lafiya, ga shi har yau da ita kake amsa gaisuwa.

Kada ka ce uwarka ta tsufa ta raina addu'a. Ban taɓa fashin yi maka ba, kuma rubutun da marigayi Baffanka, wato mahaifinka, yake wanke maka bai cuce ka da komai ba. Amma ranar da ka faɗo daga keke ka karya hannu, tofi muka yi maka sannan muka ruga da kai wurin mai ɗori, babu wanda ya ce mu zauna mu jira ƙashi ya haɗe don tawakkali. Ka yi wa Walida tofi safe da yamma, ka kuma kai ta inda Allah ya ajiye ilimin abin.

Bayan hayaƙin tausayi ya kama ni, sai na yi wata wautar ta ɗaya gefen. Na bar ka a gida zangon karatu guda cur, ina ce wa hedimasta ciwon shawara ne ya kama ka. Na ɗauka hutu zai sa ka manta. Ashe tsoro irin wannan, duk ranar da aka guje masa ƙiba yake yi. Da zango ya ƙare, ko hanyar makarantar ba ka iya kallo. Wannan ka karanta wa Rukayya, domin na lura ita ta nan take kuskure: da ka yi tafiya sai ta ce yarinya ta zauna a gida yau kawai. Yau kawai ɗin nan ne ya cinye maka zango. Ba cewa nake a daina kai Walida makaranta ba. Cewa nake akwai yadda ake kai yaro, ba da mari ba, ba kuma da ɓoye shi a ɗaki ba.

Akwai wadda ta fi duk waɗannan, ita ce har yau in na tuna abinci ke fita raina. Ranar sunan autarmu, gida cike da mata, da la'asar sakaliya, kana ɗan shekara goma. Ka ratso taron nan duka, kai da ba ka iya ratsa mutum uku, ka zo ka kama gefen zanena. Hannunka sanyi ƙalau. Ka ce, "Inna, zuciyata za ta fito, mutuwa zan yi." Wata daga cikin dangin ubanka ta yi shewa ta ce, "Ayyururui, yau ga ɗan fari a jikin uwarsa, ina fulakon?" Goggo ta zuba mini ido. Na sa hannu na cire naka daga zanena, na ce, "Fita waje wurin maza." Ka fita. Daga ranar ba ka sake kawo mini kukan komai ba, ko na ciwon kai. Matan suka yaba mini, aka ce Malama akwai kara. Allah wadaran karar da za ta sa uwa ta ture ɗanta don kada a yi mata dariyar minti biyu. Al'adar ba ta ce in ɗanka na neman ceto ki kau da kai ba, ni na zaɓi bakin mata a kanka. Walida har yanzu "Abba" take kira in abin ya taso mata. Kada ka ɗauka haka za ta yi ta kira har abada, yara suna gajiya.

Abin da ya sa wannan ta fi ci mini rai shi ne, a lokacin da ka faɗi maganar nan na san sarai abin da kake ji. Na sani domin ni ma ina da shi.

Ya fara mini kana goye. Ina cikin babbar kasuwa a layin 'yan atamfa, haka kawai ƙirjina ya hau dukan tara-tara, hannuwana suka yi sanyi, na ji kamar rumfunan za su haɗe da ni. Na durƙushe ina kalmar shahada. Bayan kamar minti goma ya sake ni, na tashi na kakkaɓe zane na ce jiri ne. Haka ya yi ta zuwa yana tafiya shekara talatin. An auna zuciyata ya fi a ƙirga, an ce lafiya lau. An ce olsa ce, na bar yaji. An ce hawan jini ne, na bar gishiri. Baffanka, Allah ya jiƙansa, ya ce ƙarancin tawakkali ne, in ƙara istigfari. Na ƙara har goshina ya yi baƙi, ina ta zargin kaina da raunin imani. Wani mai kemis ya ba ni wata 'yar ƙwaya mai kwantar da jiki, ta yi mini daɗi, ɗaya ta koma biyu, har ya zama in babu ita a jakata ba na iya fita ƙofar gida. Na bar zuwa kasuwa, na bar zuwa biki, dangi suka ce girman kan boko ne. Ranar da ka gama jami'a a Maiduguri na ce ƙafata ce ta kumbura. Kai ka ɗauka fulako ne ya hana ni zuwa, na gani a fuskarka. Ƙafata ƙalau take. Na yi wanka, na ɗaura sabon zane, na kai har tasha, na kasa shiga motar.

Shekara shida da suka wuce, a layin tantance 'yan fansho, abin ya kayar da ni a gaban jama'a. Malama Rifkatu, 'yar Kaltungon nan da muka koyar tare, ita ta tallafe ni. Ana ta kawo ruwa ana fifita, ita kuwa ta dube ni ta ce, "Malama, tun muna aiki nake ganinki kina shiga sito kina rufe ƙofa. Wannan ba ciwon zuciya ba ne. Ɗana ya yi irinsa, yanzu ga shi can yana aikinsa. Tashi mu je." Na ce mata, "Rifkatu, ni za ki kai wurin mahaukata da tsufana?" Ka ji, kalmarka ce sak, a wurina ka gaje ta. Ta ce, "To zauna nan ki mutu da mutuncinki." Sai na tashi.

Likitar yarinya ce, na haife ta. Ta kusa awa guda tana yi mini tambayoyi, tun da nake babu wanda ya taɓa tambayata haka. Da ta gama ta ce sunansa ciwon fargaba. Ta ce kowane mutum akwai maigadi a jikinsa, wanda in haɗari ya taso yake sa zuciya gudu da numfashi sauri don mutum ya tsira. Wasu nasu maigadin ihun ɓarawo yake yi babu ɓarawo, jiki kuwa ba ya tambaya, tashi kawai yake yi. Ta ce ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, yana bin jini a wasu gidajen, kuma a yara ya fi fitowa ta ciwon ciki, ciwon kai, ƙin makaranta da manne wa uwa. Tana faɗa ina ganinka a kan dandamalin asambuli. Na yi kuka a ofishin nan har na ba yarinyar tausayi.

Maganin ba wani abin al'ajabi ba ne. Duk bayan mako biyu ina zama da wani jami'i muna magana. Ya koya mini in abin ya taso in daina kokawa da shi, in ja numfashi in sake shi a hankali, in bar shi ya hau ya sauka, tunda ba ya kisa. Ya sa na riƙa rubuta abin da nake tsoron zai faru, bayan kwana biyu in duba ko ya faru. Na cika littafi guda da masifun da ba su zo ba. Kasuwa kuwa da kaɗan-kaɗan na koma: ranar farko bakin ƙofa kawai muka tsaya da Rifkatu muka juyo, mako na gaba layi ɗaya, haka har na kai layin 'yan atamfa da ƙafata. An ba ni ƙwaya guda ta safe, wadda sai da ta yi makonni kafin in ji aikinta, aka kuma raba ni da ta kemis a hankali, don likita ta ce yanke ta farat ɗaya haɗari ne. Ban ce maka ya tafi gaba ɗaya ba. Yakan leƙo, amma yanzu na san shi, ba ya hana ni fita. Bara da ka ji na je Kano gaisuwar mutuwa har kana mamaki, to ga dalilin.

Sai wautata ta ƙarshe, wadda ita ta kai mu inda muke yau: na samu sauƙi na rufe bakina. Na ce muku asibitin hawan jini nake zuwa. Sau biyu kai da kanka ka sauke ni a bakin get ɗin, na jira ka tafi sannan na karkata zuwa sashen. Na san kana fama, na san akwai magani, na zaɓi kada ɗana ya san inda uwarsa take zuwa. To yau ka sani. Wurin nan da ka kira na mahaukata, shekara shida uwarka tana zama a bencinsa. Na zauna kusa da ɗan sanda, da ma'aikaciyar banki, da matar fasto, da malamin Islamiyya mai gemu har ƙirji, da ɗalibai. Kowa da katinsa a hannu yana jiran a kira shi, kamar layin masu ciwon suga. In mahaukata ne mu, sai ka zo Dawaki ka faɗa mini da bakinka. Kai kuma kada ka yi irin tawa: abin da ka sani game da jikinka wanda zai amfani 'ya'yanka, ka faɗa musu tun kana da ƙarfin faɗa.

Kuma kada ka ƙara cewa ka daina. Ina da ido. Na ga yadda kake zama cikin mota kana riƙe da sitiyari kafin ka iya shiga taro. Ranar ɗaurin auren ƙanwarka, kai ne babba, ka ce zazzaɓi ya kama ka aka sa ƙanen Baffanka ya yi waliyyi. Ranar da ka rage mini hanya na buɗe aljihun motarka neman tishu, na ga katin ƙwayar nan, irin tawa ta kemis, ko a mafarki na san kalarta. Mutumin da ke haɗiyar ƙwaya kafin ya shiga mitin shi ne yake marin yarinya don ta ji tsoron makaranta! Ina ganin abin da ya fi ba ka haushi da Walida shi ne kanka da kake gani a jikinta. Kai babba ne, ba zan ja ka da igiya ba. Amma ƙwayar nan ba magani ba ce, bashi take ba ka na awa huɗu, kuma kada ka yar da ita da kanka, ka nuna wa likita ya raba ku.

Ranar Alhamis ba allura za a yi wa yarinyar nan ba, ba kwantar da ita za a yi ba. Na tambaya. Za a zauna da ita, a zauna da ku. Za a bincika ko akwai abin da ke faruwa a makarantar, malami mai duka ko yaran da ke tsangwamarta, abin da ya kamata a ce kai ka fara tambaya kafin ka ɗaga hannu. Ka lissafa ma da kanka, wata huɗun nan daidai yake da lokacin da kuka fara zancen tashi a gabanta. Yawancin yara magana da koyarwa ake yi musu su da iyayensu, ba lalle sai an kai ga ƙwaya ba. Za kuma a ba ku takarda ku kai wa likita a can Lokoja don a ɗora daga inda aka tsaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yarinyar da ke amai don za ta makarantar da ta sani, ita za ka kai sabon gari, sabuwar makaranta, cikin yaran da ko Hausa ba sa ji, ba Inna, ba kowa, sai kai da tafin hannunka?

Kafin nan, ga abin da aka koya mini wanda ban yi maka ba. In ta ce cikinta, kada ka ce ƙarya ne, ciwon gaske take ji. Durƙusa daidai tsayinta ka ce, "Na san kina jin tsoro. Zan kai ki da kaina, Mami za ta zo ɗaukarki in an tashi." Sannan ku cika alkawarin ko da sama za ta faɗo, don da shi za ta auna maganarku gobe. Kada uwarta ta riƙa sulalewa ta fita a ɓoye, ta yi mata sallama ta faɗi lokacin dawowa. Kada ku zauna kuna ba baƙi labarinta tana ji. Ranar da ta shiga aji ko da kuka ne, ka yaba mata, domin abin da ta yi ya fi ƙarfin abin da kai kake yi a bakin ɗakin mitin. Ba zai gyaru a mako guda ba, wata ranar sai kun koma baya. Ka yi haƙuri da ita, kai ma an yi ta jiranka, ko da yake ba a iya jiran ba.

Rukayya ta ce in na yarda za ta kawo ta a ɓoye bayan ka fita aiki. Na hana ta. Ba zan kunna wuta a gidanka kuna shirin tafiya ba, kuma ɓoye-ɓoye ya ishe mu haka a zuri'ar nan. Kai nake so ka riƙo hannunta ka shigo da ita, ta ga ubanta bai ji kunyarta ba. Ni tun ƙarfe takwas ina kan benci da katinta, kuma ba zan tashi ba sai an rufe. In ba ka zo ba, ba zan yi maka baki ba, kada ma ka sa wannan a ranka. Ranar Asabar zan zo in yi muku rakiya in sa muku albarka, sannan in dawo Dawaki in zauna da sanin cewa abin da na shuka ne ya kai jika.

Saura magana ɗaya, wadda uwa ba ta saba faɗa wa ɗa ba, balle ɗan fari. Ka yafe mini. Bulalar nan shida, da bargon, da hannunka da na cire. Na roƙi Allah gafara shekara da shekaru, amma haƙƙin naka ne, sai kai. In zuciyarka ba ta kai nan ba tukuna, ban ga laifinka ba, ka riƙe abinka har ranar da ka ga dama, ko bayan raina ne. Amma yarinyar nan ba ta yi maka komai ba. Ka kawo ta.

Allah ya kai ku lafiya, ya sauke ku lafiya, ya haɗa ku da maƙwabta na gari. Allah ya tsare gabanku da bayanku, ya sanyaya zuciyar Walida, ya sanyaya taka. Allah ya yi maka albarka.

Wassalam.

Innarka.